Itacen Jegon da Umma Ta Tara

Asabar, bayan la'asar

Yau na dawo gida goyon ciki. Ni Zuhra, da shekaruna talatin da 'yan kai, aka rako ni Sheshe da akwati da filo sai ka ce 'yar sha bakwai. Mijina Fa'izu ya ajiye mota a bakin titi, don lungunmu ko adaidaita ba ya shiga, ya saɓa akwatin a kafaɗa, ni kuma ina bayansa ina tsallake kwata ina haki. Matan lungu sai leƙowa suke ana Allah ya raba lafiya. 'Yardada, ungozomar unguwarmu, wadda ita ta yanke mini cibi, ta tare ni a ƙofar gida ta ƙare wa cikin kallo ta ce, "Shekara tara muna jiran tulun nan. To a bi sannu, kada a fasa mana shi a hanya."

Kowa ya ɗauka na zo ne uwata ta kula da ni, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Haka na faɗa wa dangin Fa'izu ma. Amma Umma ko kofi ba ta iya riƙewa da hannun dama tun ranar da ta faɗi a madafi. An yi kwanaki da ita a asibiti, sannan likita ya ja Yaya Abdussalam gefe ya yi masa magana, washegari aka dawo da ita gida. Ban tambayi abin da aka ce masa ba. Shi ma bai faɗa ba.

Na shiga na gaishe ta. Ta dube ni, ta dubi cikin, gefen bakinta mai motsi ya ɗan ɗaga. Maganarta yanzu ba ta wuce "to". Da ita take amsa gaisuwa, da ita take faɗa, da ita take neman ruwa. Ruqayya ƙanwata, da take jinyarta, ta rantse tana iya bambance "to" ɗin Umma kala-kala. In kuma ba kowa kusa, akwai langa da cokali a gefen hagunta, ta ƙwanƙwasa a zo.

Lahadi, hantsi

Itacen na nan a rumfar bayan ɗaki, an lulluɓe shi da leda saboda ruwa. Rabin duron dafa ruwan wanka ma na nan a kife.

Wannan ne karo na uku da Umma ta tara mini itacen jego. Na farko, ina faɗa mata na yi ɓatan wata ta aika aka sauke mata kaya guda. Cikin bai zauna ba. Ta yi girkinta da shi har ya ƙare, ba ta taɓa ce mini komai a kai ba. Na biyu ma haka. A wannan karon sai da ta ga ciki ya turo riga sannan ta aika, kuma ta ce na marke take so, mai riƙe wuta, ba tarkacen da zai cika mata gida da hayaƙi ba.

Ranar da aka sauke shi ina nan. Ta nuna mini gefen gadonta ta ce, "Nan na durƙusa na haife ki, nan za ki durƙusa. In ji kukan da kunnena, in sa masa kwalli da hannuna. Duk jikokina ni na fara sa musu."

Na yi dariya na ce, "Umma, su wa ke haihuwa a gida yanzu?"

Ta ce, "Masu uwa."

Ni da na yi shekaru ina yi wa ƙawayena wa'azin zuwa asibiti, har ana ce mini sista ba allura, yau na tsaya ina kallon itace kamar ban taɓa ganin itace ba.

Talata, bayan azahar

An je awo. Sistar ta ɗaura mini abin gwajin jini, ta cire, ta sake ɗaurawa a ɗaya hannun. Ta danna ƙafata da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Ta ce jinina ya hau, ta ba ni magani, ta ce in na dawo Talata mai zuwa bai sauka ba gado za su ba ni, ba zan koma gida ba sai na haihu, kuma wataƙila sai an yi aiki. Ta ambaci jijjiga. Na san jijjiga, ita ta ɗauke wata malama da muke koyarwa tare.

Na tambaye ta in an yi aikin kwana nawa ake yi. Ta ce, "Ke da ba a ba ki gadon ba tukuna, har kin fara neman sallama?"

Fa'izu ya ji komai, don yana bakin ƙofa. Aikinsa duba shanu ne, shi ya sa duk abin da ya shafi jiki sai ya kai shi garke. A mota ya ce, "Ko saniya na ga ƙafarta ta yi haka, ba zan bar ta ta kwana a daji ba."

Na ce, "To ni ba saniya ba ce."

Ya ce, "Na sani. Saniya tana jin magana."

Na yi dariya don kada ya ci gaba. Abin da nake lissafawa daban ne. In suka riƙe ni tun kafin haihuwa, suka ƙara da kwanakin aiki, an tafi sati biyu ko fiye. Sati biyu ba komai ba ne a wurin mai lafiya.

Laraba, magariba

Umma ba ta sha kunun ba.

Alhamis, bayan la'asar

An wuni ana ruwa. Ɗakin Umma yana yoyo ta kusurwar gabas, mun tara roba. Ɗakin ƙasa ne, tun na kakanmu wanda ya zo da fatake daga Arewa ya zauna, kuma har yau in ruwa ya jiƙa bangon sai ƙamshin turaren wutar da Umma ta yi shekaru tana haɗawa a ciki ya taso. Ko buhunan da take ajiye itacen turaren an kwashe, amma bangon ya riƙe.

Na kwanta a gefenta ta hagu, na ɗora hannunta a kan cikina. Shiru, shiru, har na ce ɗan nan ya gado jan aji. Can sai ya harba, daidai tafin hannunta. Umma ta ce "To!" da ƙarfi, har Ruqayya ta shigo a guje da ludayi a hannu. Muka yi ta dariya mu uku, ta Umma rabi ce amma dariya ce.

Hannun nata ba nauyi. Da can in ta dafa ka sai ka san an dafa ka.

Ina son ta ga ɗan nan. Ban taɓa son wani abu a duniya haka ba, har shi kansa ɗan ban tabbata na so shi kamar yadda nake son ta gan shi ba. Allah ya yafe mini in wannan saɓo ne.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

'Yardada ta zo gaida Umma kamar yadda ta saba duk Juma'a. Da za ta tafi na raka ta soro, na ce ina da magana.

Na ce, "Inna, in abin ya zo mini a gida, za ki karɓa?"

Ta ce, "Rabin lungun nan a hannuna suka faɗo. Ke ma da kike tambayar, ni na ɗaga ki ta ƙafa." Sai ta sunkuya ta dubi ƙafafuna, waɗanda yanzu silifas ɗin Yaya Abdussalam kaɗai ke shigarsu. "Amma wannan ƙafar taki ba na son ta, 'yar nan. Me suka ce a can?"

Na ce sun ba ni magani. Ban ƙara ba.

Ta zauna a kan dakali ta hau ba ni labarin da. Wai a zamaninsu mace ba ta shelar naƙuda, abin kunya ne a ji bakinki. "Uwarki da cikinki tana tuyar alkaki abin ya taso mata. Wallahi ba ta ce uffan ba sai da ta kwashe kaskon ƙarshe ta tsoma a zuma. Ko da aka kira ni na zo, kanki ya riga ya sauko. Babanki yana kasuwa, sai dawowa ya yi ya tarar da ke."

Ita labari take ba ni, ni kuma wani abu na ɗauka a ciki. In mace ta yi shiru har abin ya kankama, ai ba mai ɗaukar ta ya bi wannan lungun da ita. Sai dai a ce haihuwa ta zo da gaggawa, kuma ba wanda za a ce ya yi laifi.

Kamar ta karanta fuskata. Ta miƙe tana gyara mayafi ta ce, "In an kira ni zan zo, ban taɓa ƙin zuwa ba. Amma ba ni na ce ki yi ba."

Asabar, hantsi

Tun asuba nake juya maganar. A ɗakin nan aka haife mu mu shida, dukkanmu muna raye. Wannan gaskiya ne. Kuma a lungun nan akwai gidajen da na taso na tarar kaka ce ke riƙon yara, ba a taɓa faɗa mana ina uwarsu ba sai da muka girma. Shi ma gaskiya ne. Mutane suna ba da labarin waɗanda suka sauka lafiya ne, don su ne suke nan ana ganinsu.

Na san duk wannan. Ni na koyar da 'yan aji shida darasin kiwon lafiya, da bakina na ce musu rigakafi ya fi magani, suka maimaita. Ashe sanin abu daban, a ce uwarka na kwance a ɗaki na gaba daban.

Tsoro nake ji. Ina tsoron gadon asibiti, ina tsoron gefen gadon Umma. Gaba kura, baya sayaki.

Umma ta sha cokali biyu. Ruqayya ta ce uku ne, na bar mata.

Litinin, bayan isha'i

Fa'izu ya zo da kankana da maganin Umma. Ya durƙusa a bakin ƙofarta ya gaishe ta kansa a ƙasa, shekara tara bai taɓa wuce wannan dokin ƙofar ba. Da muka fito soro na ɗan taɓa masa maganar, a wasa, na ce ai mata na haihuwa a gida lafiya lau, ga 'Yardada kusa.

Bai yi dariya ba. Ya daɗe yana juya makullin mota a hannu.

Ya ce, "Shekara tara, Zuhra."

Na ce na fi shi sanin shekarun, a jikina suka wuce.

Ya ce, "Ni ma ina son Umma ta gan shi, wallahi ina so. Amma ba zan iya zama a soron nan ana yi mini gaisuwa biyu ba."

Na tashi na shige gida ko sai da safe ban ce masa ba. Ba don ya yi ƙarya ba. Don ya faɗi abin da duk gidan nan muka haɗu muka ƙi faɗa, kuma a soronmu, inda iska ke kai magana ciki.

Talata, azahar

Ban je awo ba. Na yi wa Fa'izu waya na ce ruwa ya cika lungu, ba zan iya ratsawa ba, a bari sai wani satin. Ruwan an yi shi, ban yi ƙarya ba. Sai dai ya ɗauke tun hantsi.

Laraba, magariba

Ba ta sha ba.

Alhamis, bayan la'asar

Kaina ke sarawa tun jiya, ta gaba, kuma in na miƙe sai in ga wasu 'yan ƙyalƙyali suna yawo a idona. Na sha maganin. Na ɗaura ɗankwali tamau na ce sanyi ne.

Ruqayya ba ta yarda ba. Ta same ni a rumfa na dafa itacen nan ina jiran jiri ya wuce. Ta tsaya da bokitin wankin zannuwan Umma a hannu, ta rame, idonta ya faɗa, yarinyar da ko ƙofar gida ba ta fita sai ta yi kwalliya.

Ta ce, "Yaya, na san abin da kike shiryawa."

Na ce, "Me nake shiryawa, uwar sani?"

Ta ce, "Jakar asibitinki tana nan yadda kika zo da ita, ko zif ba ki buɗe ba. Amma na ga sabuwar reza da zare a ƙarƙashin filonki." Ta ajiye bokitin. "Ni hannuna biyu ne, Yaya. Ɗaya na ɗaga Umma, ɗaya na share ta. In kika faɗi a gidan nan da wanne zan ɗauke ki?"

Na ce mata ta iya bakinta, ba ita ta haife ni ba. Ta ɗauki bokitinta ta tafi tana share ido da kafaɗa. Tun da na zo gidan nan ban taɓa tambayar ta ko ta yi barci ba, sai yanzu da nake rubutawa na tuna.

Asabar, la'asar

Ƙanena Yasir ya iso daga Legas. Ba hutu ba ne, ba salla ba. Ya ce aiki ne ya kawo shi Kano, muka ce masa sannu da hanya. Yaya Abdussalam ya sa an share soro an fitar da tsofaffin buhuna. Wai don sauro.

Umma ta gane Yasir. Ta kama kunnensa da hagu ta ja, kamar yadda take yi masa in ya dawo daga ƙwallo. Ya fita tsakar gida ya tsaya yana kallon rijiya.

Lahadi, hantsi

Yau ta tashi da ido garau, har ta sha shayi. Sai nuna saman sif take tana "to, to". Muka sauko mata da carbi, ta ture. Muka sauko da turare, ta ture. Ruqayya ce ta gane, ta miƙo tandun kwallinta, ɗan ƙarami na fata da ya yi baƙi don tsufa.

Ta yafito ni. Na kawo fuskata kusa. Ta tsoma tsinken da hannun hagu, hannun na rawa, ta ja mini a ido. Ashe gwaji take yi. Na farko ya bi ta kan kumatu. Ta yi tsaki, wallahi tsakinta na nan bai shanye ba, ta sake. Na biyu ya kusa tsone ni. Da aka gama na duba madubi sai na ga kamar wadda aka yi wa duka a gidan biki. Ruqayya ta yi dariya har da riƙe ciki, ta manta ba ma magana.

Umma ba ta mayar da tandun ba. Ta tura shi ƙarƙashin filonta ta ɗora kai.

To ku gaya mini, wa zai ga wannan ya ɗauki jaka ya tafi?

Litinin, magariba

Fa'izu ya ce gobe da la'asar yana tashi daga aiki zai zo ya kai ni asibiti, ruwa ko rana, in lungu ya cika a baro zai tura ni. Na ce Allah ya kai mu.

Talata, bayan asuba

Ya fara. Ta baya yake tasowa ya zagayo. Ban faɗa wa kowa ba.

Talata, hantsi

Na share tsakar gida. Na dama wa Umma kunu. In ya taso sai in dafa bango in yi kamar ina duba yoyo. Na aiki Ruqayya kemis mai nisa, na ce na kusa ba su da irin maganin. Yaya Abdussalam da Yasir sun fita. Kaina kamar zai rabe.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. In Umma ta iya da kasko a gabanta, ni ma zan iya. Zan shiga wurinta in zauna.

Alhamis, bayan azahar, a asibiti

Fa'izu ya kawo mini littafin nan cikin kayana. Hannuna da allurar ƙarin ruwa, rubutun zai karkace.

Mace ce. Tana nan gefena tana barci, da gashi cike da kai. An yi aiki.

Bari in rubuta yadda aka yi tun ban fara gyara labarin ba. Na shiga ɗakin Umma na zauna a tabarma, daidai wurin da ta taɓa nuna mini, na jingina da gadonta ina yi mata hira. In ciwon ya taso sai in yi murmushi in ci gaba da magana. Na ɗauka na iya. Ashe ba fuskata take kallo ba, yatsun ƙafata take kallo, yadda suke naɗewa suna kama tabarma. Mace mai haihuwa shida nake yi wa wasan yara.

Ta ɗauki cokali ta fara buga langa.

Na ce, "Umma, ba komai, ruwa kike so?" Ta ci gaba. Na ce, "Umma, don Allah, saura kaɗan." Ta ci gaba. Sai na miƙa hannu na karɓe cokalin. Na karɓe wa uwata cokalin da shi kaɗai ya rage mata na kira. Ta dube ni, irin kallon da ban taɓa gani a idonta ba, sannan ta juya hannu ta hau dukan langar da zoben azurfarta. Ba ta tsaya ba. Hannun da ko kofi yake gajiya da shi, ta yi ta bugawa har maƙwabta suka jiyo ta katanga, matar maƙwabcinmu Mamman ta leƙo, aka ruga aka kira 'Yardada.

'Yardada ta shigo ta dube ni sau ɗaya ta ce, "Haba 'yar nan. Haba." Ta ɗaga fatar idona, ta juya ta ce a kira mijina yanzu-yanzu, wannan ba tata ba ce.

Na rarrafa na kama gefen gadon na ce, "Umma, ke kika ce a nan. Ke kika ce masu uwa."

Ta ɗaga hannun ta nuna ƙofa. Na ce ba zan tafi ba. Ta juyar da fuskarta bango, hannun na nan a miƙe, ta ce, "To." Irin wadda take yi mana muna yara in magana ta ƙare.

Na tuna 'Yardada da Ruqayya, da ta dawo daga kemis, sun riƙe ni muna bin lungu. Na tuna ƙofar masallaci. Daga nan ban san komai ba. An ce abin da sistar nan ta ambata ya same ni a mota, a kan cinyar Ruqayya. Harshena duk ciwo ne inda na cije. Likitan ya ce da a gida ya same ni, sai ya bar maganar a nan ya duba takardarsa.

Ban ga fuskarta ba da zan fito. Bango take kallo.

Juma'a, hantsi

Na roƙe su sallama. Sun ce jinin bai sauka ba, ko zama na yi sai an riƙe ni. Na yi kuka har ɗinkin ya yi zafi.

Fa'izu yana tsaye yana kallona. Can ya fita, na jiyo shi yana magana ƙasa-ƙasa da sista. Ya dawo ya ce in ba ta nono ta ƙoshi. Ya naɗe ta a tawul, ya ɗora mayafina a kai, ya ce, "Ke aka hana fita. Ita ba a ce komai a kanta ba." Sistar ta ce ita ba ta ga komai ba, amma kada la'asar ta yi ba a dawo da ita ba.

Juma'a, bayan la'asar

Sun dawo.

Na buɗe tawul ɗin, ƙamshin ɗakinmu ya bugo ni. Sannan na ga fuskar. Idon dama an sa shi daidai, siriri. Na hagu ya zarce, ya ja layi har kusa da kunne.

Fa'izu ya zauna ya ba ni labari, na sa shi ya maimaita. Wai yau ya tsallake dokin ƙofar, don ba wanda zai miƙa ta sai shi. Ya kwantar da ita a hannun Umma na hagu. Yarinyar ta tsala kuka, duk gidan aka ji. Umma ta rufe ido tana saurare, ba ta so a rarrashe ta. Da ta yi shiru sai ta fara laluben ƙarƙashin filo. An daɗe ana yi, Ruqayya ta kai hannu za ta taimaka aka yi mata wata "to" da ta sa ta ja da baya. Ya ce da ta gama ta daɗe tana kallon aikinta, sannan ta yi tsaki saboda layin da ya zarce.

Wata sistar ta zo duba mu ta ce, "Wa ya sa wa jaririya kwalli? Mun hana wannan. Kawo auduga a goge."

Na ce, "Uwata ce ta sa."

Ta dube ni, ta dubi Fa'izu, ta gyara mini ƙarin ruwan ta wuce. Na san gaskiyarta. Ba za a ƙara ba. Amma wannan zai fita ne da kansa.

Asabar, azahar

Ruqayya ba ta ɗauki wayata ba tun safe. Yasir ma haka.

Fa'izu bai zo da wuri ba. Da ya shigo ya zauna a bakin gado, ya ɗauki yarinyar ya riƙe. Takalminsa duk jar laka, irin wadda babu ita a lungunmu, har da gwiwar wandonsa. Ban tambaye shi ba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Lahadi

Kwallin ya fara dushewa. Na hana a wanke mata fuska.

Talata, bayan la'asar, a gida

An sallame ni da safe. Na tarar da tabarmi tun daga soro har bakin masallaci. A zama ɗaya aka yi addu'ar uku aka raɗa suna, masu shigowa sai su rasa da wacce za su fara, wasu su yi mini barka su fashe da kuka, wasu su yi gaisuwa su ce ina jaririyar. Fa'izu tun ranar da aka haife ta ya yi mata huɗuba da sunan Umma, bai faɗa mini ba sai yau. Sunan da bakina bai taɓa kira ba, kuma ba zai kira ba. Ummi za mu riƙa ce mata.

An naɗe katifar. Langar an wanke ta an kife cikin sauran kwanuka, gefenta duk ya ɓantare. Tandun Ruqayya ta ajiye mini. Na nemi gafararta, ta ce in bari sai ta yi barci tukuna ta ji daɗin yafewa.

Ina zaune a ɗakin sai na ji ƙamshin hayaƙin marke. 'Yardada ce ta ɗora rabin duron, ta zuba ganyen darbejiya. Ta leƙo ta ce in taso, ba za ta taɓa wurin ɗinkin ba, amma jego ba a fara shi da ruwan sanyi a gidan nan. Ta riƙe ni muka zagaya baya a hankali. Na dubi rumfar. An yaye ledar, kuma layin gaba na itacen ya ragu fiye da abin da ke cikin murhu.

Ta ga inda nake kallo. Ta gwada ruwan da gwiwar hannu ta ce, "Mun ɗan taɓa itacenki ran Asabar, 'yar nan. Kin san ba ta son ruwan sanyi."

Na ce mata, to.